Yadda Ake Adana Tarihin Gida: Takardu, Hotuna da Kayan Kakanni

Kusan kowane tsohon gida a cikin garin Bauchi, ko Azare, ko Misau, ko Dukku, ko Nafada yana da wani akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba. Galibi yana ƙarƙashin gadon maigida ko a ƙuryar ɗakin uwargida. A ciki akwai rasit na haraji da jangali, da takardar sayen gona da aka rubuta da ajami, da tsohon fasfon Hajji, da hotuna marasa launi, wani lokaci har da Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa. Ranar da aka fi buɗe wannan akwati ita ce ranar rabon gado, kuma ran nan aka fi tafka asara. A ware abin da ke da kuɗi a raba, sauran a ce tarkace ne. Wanda ya san ko su wane ne a cikin hotunan kuwa, shi ne aka kai makwanci.

Saboda haka aikin nan yana da jeri, kuma jerin yana da muhimmanci. Mutane ake fara bi, sannan takarda, sannan kaya.

Fara da neman izini

Kada ka shiga ɗakin tsoho ka jawo akwati don kana da waya mai kyamara. Je wurin babban gida, ko Baffa ne ko Kawu ko Yaya, ka zauna ka faɗi abin da kake nufi: ba ka zo ɗaukar komai ba, ka zo ne ka rubuta abin da ke akwai, ka ɗauki hotonsa, ka mayar inda yake. Faɗi wannan a gaban mutum biyu ko uku. Inda akwai takardar gona ko ta gida, zargi ba ya wuyar tashi, musamman a gidan da ke da ɗakuna da yawa. Idan za ka iya, ɗauki mutum ɗaya daga wani ɗakin ya zama abokin aikinka, don kada a ce 'yan ɗaki ɗaya ne suka kwashe tarihin gidan.

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu mai kaurin bango, fensir mai taushi, farar takarda irin ta fotokwafi, manyan ambulan, buroshi mai laushi sabo, farin ƙyalle na auduga, da waya mai isasshen wuri da caji.

Zauna da tsofaffi tun suna nan

Nan ne ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Takarda za ta iya jiran wata shida a akwati, amma ba ka da tabbacin tsohuwar da ta haura tamanin za ta jira.

Fara da mata. A yawancin gidajenmu, Goggo da Inna da Kaka su suka riƙe salsala: wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka kai riƙo Darazo ba ta dawo ba, 'ya'ya nawa suka rasu suna ƙanana. Maza sukan ba ka labarin sarauta da fatauci da karatu, amma in ka tambaye su sunan kakar kakarsu ta wajen uwa, sai su ce a tambayi Goggo.

Je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da jiki ya saki. Kai goro ko abin da ka san tana so. Nemi izinin ɗaukar muryarta, ka ajiye wayar kusa da ita, ka kashe rediyo da fanka. Kafin ta fara, faɗi ranar da wurin da sunan mai magana da bakinka, don abin ya shiga cikin muryar. Kada zama ɗaya ya wuce awa guda. Gara ka dawo sau da yawa, domin bayan ka tafi ne take tuno abin da ta manta.

Kada ka ce, "Goggo, ba ni tarihin gidanmu." Tambayar ta yi faɗi, amsar da za ka samu ita ce, "To, mu dai mun taso mun tarar." Miƙa mata abu a hannu. "Goggo, wannan da ke tsaye a bayan Baffa wane ne?" "Inna, wannan tasar ta jerenki ce ko ta mahaifiyarki?" Abu ɗaya a hannu yakan jawo labarin da tambaya goma ba za su jawo ba.

Akwai abubuwa biyu game da suna da za su iya ruɗa ka. Na farko alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. Za ta ce "Malam" ko "mai gidan nan" ko "shi wannan". Kada ka matsa mata. Rubuta yadda ta faɗa, ka nemi sunan yanka a bakin ƙanwar mijin ko wani tsoho. Na biyu laƙabi. Wanda duk gari ya sani da Ɗanlami ko Tanko ko Mai Goro yana da sunan da aka raɗa masa, kuma shi ne za ka tarar a takardar alƙali. Rubuta duka biyun gefe da gefe. Laƙabin ma yana da amfaninsa: yaron da ake kira Abba ko Baba Ƙarami ko Mai Sunan Malam, da yarinyar da ake kira Ummi ko Iya, sunan wani babba suka ci. Idan ka bi wannan zaren, sau da yawa za ka gano sunan kakan da aka daina ambata.

Idan tsohuwar ta fi sakewa da Fulatanci ko Bolanci ko Teranci ko Jaranci ko Tangale, bar ta ta yi da harshenta, ko da kai ba ka ji sosai. Fassara za ta samu daga baya. Gidaje da yawa a Bauchi da Gombe sun koma Hausa cikin ƙarni ɗaya, kuma mai yiwuwa muryar nan ita ce ta ƙarshe da jikokinka za su ji harshen gidansu a bakin jininsu. Roƙe ta ta yi kirarin gidan, da waƙar niƙa ko ta reno in tana tunawa.

Yadda za ka gano shekara

Tsofaffi ba sa lissafi da lamba, da aukuwa suke yi. Aikinka shi ne ka mayar da aukuwar lamba. Ga wasu turaku da za ka ɗaura labari a kansu. Turawa sun shiga Bauchi a 1902, an yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe a 1903. An ɗauke hedikwatar masarautar Gombe daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Gombe ta yanzu a 1919. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963. An kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, yaƙin basasa ya ci daga 1967 zuwa 1970. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam da sule a 1973. An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, shekarar da aka kashe Murtala, Jihar Gombe kuma a 1996. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne: Sarkin Bauchi Sulaimanu Adamu ya yi sarauta daga 1982 zuwa 2010, Sarkin Gombe Shehu Abubakar daga 1984 zuwa 2014.

To in Inna ta ce, "Ina goyon Yayanku aka canja kuɗi," ka san haihuwarsa ba ta yi nisa da 1972 ba. Rasit ɗin da aka rubuta da fam da sule ya girmi 1973. Takardar da ke ɗauke da hatimin Jihar Arewa maso Gabas tsakanin 1967 da 1976 aka yi ta. Sai dai ka tambaya wane canjin kuɗi take nufi, don an yi fiye da ɗaya.

Takardun malamai da na alƙalai sukan zo da shekarar Hijira. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka wajen 1931. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, don haka rubuta "wajen".

Abin da ka gani a rubuce daban, abin da aka faɗa maka daban, kuma littafinka ya nuna bambancin. Idan Baffa ya ce kakanku daga Borno ya zo, Goggo ta ce daga Katagum, rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji, kada kuma ka ƙara wa gidanku sarautar da ba a ba ka labarinta ba. Wanda zai zo bayanka zai dogara da kai, ba shi da hanyar tace abin da ka ƙara.

Buɗe akwatin

Zaɓi lokacin rani, a ɗaki mai haske, ba a tsakar gida inda iska za ta kwashi takarda ba. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma ko tebur. Wanke hannu ka shanya shi sarai, kada ka shafa mai. A nisanta shayi da ruwa da yara ƙanana.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton akwatin a buɗe. Sannan ka riƙa fitowa da kaya ɗauri-ɗauri yadda mai su ya ajiye. Abin da aka naɗe a tsumma ɗaya, akwai dalilin da ya sa aka haɗa shi. Kada ka ware wasiƙu gefe, rasit gefe, don ka ga ya fi tsari. Wasiƙar da ke naɗe da rasit wataƙila ita ce bayanin rasit ɗin.

Ka ba kowane abu lamba. Takardu T-1, T-2, hotuna H-1, H-2, kaya K-1, K-2. Lambar a jikin ambulan za ka rubuta ta, ba a jikin takardar ba. A littafinka kuma, gaban kowace lamba, rubuta mene ne, na wane ne, wajen wace shekara, wa ya ba ka bayanin, yanzu yana hannun wa. Wannan littafin shi ne kan aikin duka.

Takardu

Abin da ya fi kashe tsofaffin takardu a zamanin nan shi ne gyaran da mai ƙaunarsu yake yi musu. Kada ka kai su a yi musu laminatin. Zafin injin da gam ɗin ledar suna shiga jikin takardar, kuma ba a iya cire ta daga baya ba tare da an ɓata rubutun ba. Kada ka liƙe yagewa da salatif, domin bayan 'yan shekaru yakan bushe ya faɗi ya bar tabo ruwan ƙasa a kan kalmomin. Cire allura da ƙarfen maƙala takarda a hankali in sun fara tsatsa, cire robar ɗauri. Takardar da ta yage, sa gutsattsarinta duka a cikin farar takarda da ka ninka biyu, ka sa a ambulan. Ya wadatar.

Wadda ta daɗe a ninke ta bushe, kada ka tilasta mata miƙewa, musamman da hunturu lokacin da komai ke karyewa. Buɗe ta iya inda ta yarda. Ƙura da kashin kyankyaso, share su da buroshi daga tsakiya zuwa baki. In ka ga fumfuna, fitar da takardar inuwa ta bushe tukuna, ka rufe hancinka, sannan ka share a waje. Wadda ruwa ya jiƙa, shimfiɗa ta a inuwa tsakanin fararen takardu kana canja su. Ban da rana, ban da dutsen guga.

Littattafan malamai na rubutun hannu suna bukatar ƙarin natsuwa. Ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, wato bangon fata da ake rufe su da shi, kuma galibi babu lambar shafi. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar nan guda da marubuci yake sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. In sun hargitse, kada ka yi hasashe. Ɗauki hotonsu yadda ka same su, sannan ka zauna da malamin da ya san littafin ku jera. Duba shafin ƙarshe da kyau, nan mai kwafa yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na wanda aka rubuta wa da ranar gamawa. Ɗaga warƙa ɗaya ga haske: idan ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, irin takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta hamada, alama ce littafin ya kwana biyu. In Alƙur'ani ne ka yi alwala, tabbata hannunka ya bushe ƙarƙaf kafin ka taɓa, don tawadar gargajiya tana narkewa da ɗigon ruwa.

Gidajen Kirista a Kaltungo, Billiri, Tafawa Ɓalewa da Bogoro su duba bangon ciki na tsohon Littafi Mai Tsarki, inda iyaye kan rubuta ranakun haihuwa, su kuma tambayi rajistar baftisma da ta aure a cocin da kakanni suka yi sujada.

Hotuna

Riƙe hoto ta gefe. A bayansa, da fensir, ba tare da dannawa ba, rubuta sunayen mutanen daga hagu zuwa dama, da wurin, da shekarar da ake zato. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana bin hoton da ke ƙasa. Rubuta suna cikakke. "Baba da abokinsa" ba zai amfani jikanka ba, don bai san Baban wa ake nufi ba.

Duba bayan hoton ko akwai hatimin mai ɗaukar hoto da garinsa. Duba fuska: tsagar da ke kumatun kaka tana faɗin asali, kuma tsofaffi suna iya karanta ta. Duba hula da ɗinkin riga da lambar mota.

Hoton da ya manne da gilashin firam, bar shi, ɗauki hotonsa ta cikin gilashin. Waɗanda suka manne da juna, kada ka ɓamɓare. Wanda ke rataye a bango inda rana ke bugu, sauke shi, a wanko sabo a rataya, asalin ya koma ambulan. In gidanku ba a son rataya hoto, ba sai an yaga ba. Ambulan a cikin akwati ya raba gardama.

Tufafi, ƙarfe da fata

Babbar riga ta saƙi ko tsamiya, da alkyabba, da rawanin da ya sha shuni da bugu, ba a wanke su. Ruwa yana tafiya da ƙyallin bugun, kuma tsohon zare ba ya jure cuɗa. Shanya su a inuwa, kakkaɓe a hankali, naɗe a farin ƙyallen da aka wanke aka cire masa sitaci. Kada a rataye riga mai nauyi a ƙusa. Duk shekara a canja inda aka ninka, don a kan ninki take fara tsagewa. Kafur ko busasshen ganyen darbejiya yana taimakawa wajen korar asu, amma a ƙulle shi a tsumma daban, kada ya taɓa rigar.

Takobi da mashi da likkafa da kayan maƙera: goge da busasshen tsumma, shafa man keken ɗinki kaɗan. Kada a kankare da samfefa, kada a goge tasa ko butar tagulla da toka da tsamiya don ta yi walƙiya. Tambarin maƙeri da rubutun da ke jiki su ne ke fara tafiya. Gafaka da sirdi da kube, kada a shafa musu man gyaɗa, kiran ƙwari ne da ɓera.

Kayan mata ma tarihi ne. Mazari, taskira, akushi, ƙwaryar da aka yi wa zane, munduwa, kwallar jere. Ɗaura wa kowanne 'yar takarda da zare mai ɗauke da lambarsa, ka rubuta a littafi ta wace ce da yadda ta same shi.

Ɗauki kwafi, ka ajiye a wuri uku

Waya ta isa. Shimfiɗa takardar kusa da taga da safe, kashe fitilar kyamara, riƙe wayar daidai saman takardar, ka ɗauka har da gefunanta. Ɗauki gaba da baya. In za ka yi sikanin a shago, tsaya a wurin, kada a tura tsohuwar takarda ta cikin injin da ke jan takarda da kansa; a ɗora ta a kan gilashi. Nemi a sa awon kaifin hoto, wanda ake kira dpi, a kan 300 ga takardu, 600 ga hotuna. Sa wa kowane fayil lambar da ke littafinka.

Ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a filashi a wani gida daban, ɗaya a intanet kamar Google Drive, kuma mutum biyu su san kalmar sirrin. WhatsApp yana rage ingancin hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba, don haka kada ya zama ma'ajiyarka. Tsofaffin kaset, irin waɗanda dangi suke aiko da muryarsu daga Makka ko Sudan, a juye su yanzu tun ana samun rediyon da ke juya su. Littafin rajistar, wato wanda ka rubuta lambobin kayan a ciki, da salsalar kuma a buga su a takarda, a ba kowane ɗaki kwafi.

Ba komai ake sawa a Facebook ba. Takardar fili da ta gida, hotunan matan gida, wasiƙar da ta shafi saki ko bashi ko wani sirrin da masu shi ke raye, waɗannan na cikin gida ne. Tambayi manya kafin ka yaɗa.

Inda akwatin zai zauna

Gara ta bango da ƙasa take zuwa. Ɗora akwatin a kan bulo ko benci, ka janye shi daga bango kamar tafin hannu biyu. Kada ya zauna a ƙarƙashin inda kwano ke yoyo, ko saman silin inda zafin bazara ke gasa komai, ko kusa da madafa. Shimfiɗa ƙyalle a cikinsa don tsatsa. Kada ka ƙulle takardu a leda da damina, gumi take tarawa. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, jefa su a ciki. A buɗe a duba sau biyu a shekara: kafin ruwa ya sauka, da kuma bayan ya ɗauke wajen Oktoba.

Maganar gado

Kayan nan dukiyar magada ce, ba a hana kowa haƙƙinsa da sunan tarihi. Amma akwai hanyar da za a bi ba tare da an yayyaga ba. An sha raba littafi ɗaya warƙa-warƙa tsakanin 'yan'uwa, kowa ya tafi da abin da ba zai karantu ba. Maimakon haka, a yi wa kayan kuɗi, mai so ya biya sauran rabonsu, ko magada su yarda da bakinsu su bar shi a hannun mutum ɗaya amana, ko su mayar da littattafan waƙafi. Duk wadda aka zaɓa, a rubuta, shaidu su sa hannu, a nemi malami ko alƙali ya duba. Mai kayan da ke raye ya fi kowa iya sauƙaƙa wannan, in ya faɗi nufinsa a gaban 'ya'yansa tun yana da lafiya.

Idan dillali ya zo yana taya tsohon littafi ko takobi, a sani cewa dokar Nijeriya ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. In kayan sun fi ƙarfin gida, a nemi shawarar sashen tarihi na jami'a mafi kusa, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, inda ake adana rubuce-rubucen hannu. A Kadunan ne kuma Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa take riƙe da fayilolin Lardin Bauchi na zamanin Turawa, wanda ya haɗa har da Gombe. Wanda kakansa ya yi dagaci ko hakimi ko alƙali ko malamin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, yana iya samun sunansa a can. Tafi da sunan yanka, da sunan gundumar yadda ake kiranta a wancan lokaci, da shekarun da kake zato. In za a bar wani abu a hannun wata hukuma, a karɓi takardar da ta fayyace ko aro ne ko kyauta, a sa kwafinta a cikin littafin rajista.